Rawa Bisa Tsinin Yatsu: Asalinta a Turai da Makusanciyarta a Ƙasar Adar

Mutumin Tajaye, ko na Illela, ko na Birnin Konni, wanda ya taɓa gani a talabijin ko a wayar hannu wata budurwa ta ƙasar Turai sanye da farin tufa marar nauyi, ta miƙe cak bisa tsinin yatsun ƙafarta, diddige a sama, wuya a miƙe, tana juyi babu ko tangaɗi, lalle zai zaci ɗayan abu biyu: imma dai dabara ce ta masu ɗaukar hoto, imma kuwa wata baiwa ce da Allah ya keɓance wancan jinsi da ita. Alhali abin da ya gani sana'a ce da aka koya da wahala, wadda aka san zamanin da ta bayyana, aka san malamanta da almajiransu, aka san irin takalmin da ya sa ta yiwu, har ma da irin raunin da take bari a ƙafar mai yin ta.

Faransanci shi ne harshen wannan fanni a ko'ina cikin duniya, ta yadda ko a Rasha ko a Sin ko a Amurka malamin rawa da shi yake ba da umarni, kuma a cikinsa ana kiran wannan tsayuwa en pointe, wasu su ce sur les pointes. A lugga, pointe, da ake furtawa puwant, ita ce tsini, kamar tsinin mashi ko na allura ko na alƙalami, kuma tushenta wani fi'ili ne na Latin, pungere, mai ma'anar soka. A isɗilahin masu rawa kuwa an raba tsayuwar gida biyu. Akwai demi-pointe, wato rabin tsini, inda diddige ke barin ƙasa amma nauyin jiki yana bisa ƙasan yatsu, wanda shi ne abin da Bahaushe ke kira ɗage, irin wanda yaro kan yi in yana son ya leƙa bayan danga. Akwai kuma cikakken tsini, inda yatsun da kansu suke miƙewa a tsaye, nauyin mutum duka ya sauka a kan bakinsu. Na farkon kowane ɗan Adam mai lafiya yana iya shi. Na biyun, babu mai daɗewa a kansa sai da horo na shekaru da takalmi na musamman.

Ita kanta rawar da ake kira bale ta girmi wannan tsayuwa da shekaru fiye da ɗari uku. A fadojin sarakunan Italiya ta faro a ƙarni na 15, sunanta ma daga kalmar Italiyanci balletto ya fito, wato ƙaramar rawa, sa'an nan ta bi Katarina ta gidan Medici zuwa Faransa bayan aurenta a 1533, har aka yi wani babban wasa a fadar Faris a 1581 wanda ya ɗauki fiye da awa biyar. Amma wanda ya ɗaga darajarta ya mai da ita ilmi mai ƙa'ida shi ne Sarki Luwi na 14, wanda ya fito da kansa a 1653, yana ɗan shekara 14, ya yi rawa cikin shigar rana, kuma a 1661 ya kafa majalisar malaman rawa mai mutum 13, domin su tsare fannin daga lalacewa. Wannan ya faru ne a cikin ƙarni guda da Agabba ɗan Sarkin Agadas, wanda ya ci ƙasar Adar, wanda kuma sarakunan Illela suke jingina nasabarsu gare shi. Malamin sarkin, Piyar Boshan, shi ake danganta wa tsayuwar ƙafa guda biyar da har yau kowane almajiri da su yake farawa. To amma a duk wannan zamani rawa ce ta fadawa da ƴaƴan sarauta, maza ne jigoginta, tufafinsu masu nauyi ne, takalmansu kuma masu tudun diddige, saboda haka zancen hawa tsini bai ma taso ba. Sai a 1681 mace ta fara fitowa a dandamalin Faris a matsayin mai sana'ar rawa, kuma sai bayan 1726 Mari Kamargo ta rage tsawon zanenta kaɗan domin a ga aikin ƙafarta.

Juyin juya halin Faransa na 1789, wanda ya tafi da kan sarki, ya tafi har da shigar fada, aka koma ga tufafi marasa nauyi da takalmi shimfiɗaɗɗe mai laushi wanda ake ɗaurewa da zare, ƙafa ta samu sararin lanƙwasa da miƙewa. A 1796 wani gwani mai suna Sharl Didelo ya shirya wasa a Landan inda ya rataye masu rawa da wayoyi, ana ɗaga su sama ana sauko da su, sai aka lura cewa lokacin da ya fi ƙayatar da ƴan kallo shi ne ɗan lokacin nan da tsinin ƙafa ya taɓa ƙasa kafin waya ta fizge shi. Daga nan ƴan mata suka shiga neman yadda za su yi wannan da ƙarfin ƙafarsu ba da taimakon waya ba. An ambaci Janabiyeb Goslan a Faris wajen 1815, an ambaci Amaliya Burunyoli a Biyana a 1823, sai dai abin nasu bajinta ce ta ɗan lokaci, ana ganin yunƙuri a kafaɗa da fuska, mai kallo ya yi mamaki amma zuciyarsa ba ta motsa ba.

Wadda ta mai da bajinta ta zama ma'ana ita ce Mari Taliyoni, wadda aka haifa a Istokholm a 1804, shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu. Ba ta taso da siffar da malaman zamaninta suke so ba, domin an ce bayanta ya ɗan ranƙwafa, hannuwanta kuma sun cika tsawo. Mahaifinta Filipo, wanda shi ma malamin rawa ne, ya karɓi tarbiyyarta da kansa, yana horon ta awa shida kowace rana, har ya gina mata ƙarfin sharaɓa da idon sawu irin wanda ba a saba gani ba, ya kuma tsara mata salon riƙe hannu da karkata jiki wanda ya ɓoye abin da ake ganin aibi ne. Ranar 12 ga Maris 1832, a zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake mulki a Sakkwato, ta fito a gidan Opera na Faris cikin wasan La Sylphide. Labarin na wani saurayi ne manomi a ƙasar Sukotlan, wanda wata aljana ta iska ta bayyana gare shi ranar aurensa, ya bar amaryarsa ya bi ta daji, duk sa'ad da ya kai hannu sai ta kuɓuce, har wata mayya ta ba shi gyale ta ce ya yafa mata, da ya yafa sai fukafukanta suka zube ta mutu. A nan ne hikimar take: halittar da ba ta ƙasa ba ce bai kamata a ga ta taka ƙasa kamar mutane ba, saboda haka tsini ya zama hujjar labarin, ba ado ba. Fitilun gas da aka sa a wannan gida tun 1822, waɗanda ake iya rage haskensu har su yi kama da farin wata, su ma sun taimaka. Abin da ya fi ba ni mamaki cikin kissar wannan mata shi ne takalminta, domin ba shi da wani tauri ko kaɗan: satin ne da tafin fata, an yi masa ɗinki a gefe da baki don kada ya zame, sauran aikin duka na ƙashi ne da jijiya. Bayan ta, wasan Giselle na 1841 ya cika dandamali da fatalwowin ƴan matan da suka mutu kafin aurensu, duk bisa tsini, kuma tun daga nan mace ta karɓe jagorancin bale daga hannun namiji.

Mataki na gaba dukawa ne suka taka shi tare da malamai, a birnin Milan. Karlo Bilasis, wanda ya wallafa littafin ƙa'idojin rawa a 1820 kuma ya shugabanci makarantar La Scala daga 1837, ya tsananta horo. Masu ɗinkin takalmi na Italiya kuma suka fara ƙarfafa bakin takalmin da yadi bisa yadi da manne, suka daidaita shi ya zama yana da ɗan fili da za a tsaya a kai. Da irin wannan takalmi ne Piyerina Lenyani ta je birnin San Fitasbag na Rasha ta yi juyi 32 a jere bisa ƙafa guda a 1893, ta maimaita a 1895 cikin wasan Tafkin Agwagin Ruwa, shekara huɗu kafin rundunar Faransawa ta Bule da Shanuwan ta auka wa Birnin Konni. Ana Pabloba, wadda ta rayu daga 1881 zuwa 1931, da yake tafin ƙafarta ya cika lanƙwasa, ta ƙara fata mai tauri a cikin nata, wasu suka zarge ta da ha'inci, daga baya kowa ya bi ta.

Takalmin yau daga nan ya samo siffarsa. Bakinsa kamar ɗan akwati ne na yadi da takarda da manne da aka busar, ƙasansa akwai wani tauri mai tallafe tafin ƙafa, babu na dama babu na hagu, kuma mai rawa da hannunta take ɗinka masa zaren ɗauri, ta murɗa shi, ta buga shi a bango ko a ƙasa don ya yi laushi ya daina ƙara. Ba ya daɗewa: babbar gwana takan kashe guda a wasan dare ɗaya. Ba a barin yarinya ta hau tsini sai ta kai kimanin shekara 11 ko 12, bayan ta yi shekaru tana ɗage kawai, domin ƙasusuwan ƙafa ba su gama ƙwari ba kafin nan, kuma ko an kiyaye wannan sharaɗi, kanta da kumburi da baƙin farce mai fita sun zama abokan zama. Ban ga dalilin ɓoye wannan ba, don mai kallo yana da haƙƙin ya san farashin abin da ya burge shi, yarinyar da aka sa a wannan hanya kuma tana da haƙƙin a ji tausayinta. A al'adar bale maza ba su cika hawa tsini ba, ko da yake a ƙasar Jojiya ta duwatsun Kafkas maza ne suke rawa bisa yatsu, a lanƙwashe, cikin huffi mai laushi, kuma tasu al'adar daban ta taso.

Sunan bale ya iso ƙasashenmu, amma tsinin bai biyo shi ba. A farkon shekarun 1950 Keita Fodeba, mutumin Gini, ya kafa ƙungiya a Faris ya sa mata suna Les Ballets Africains, yana nufin ya nuna wa Turawa cewa raye-rayen Afirka sun cancanci dandamali da suna ɗaya da nasu, kuma bayan Gini ta samu mulkin kai a 1958 ƙungiyar ta zama ta ƙasa, wasu ƙasashen rainon Faransa suka yi koyi. A Nijar, bayan Seyni Kunce ya hau mulki a Afrilun 1974 ya farfaɗo da samariya, bale ya zama ɗaya daga fannonin da ake gasa a kansu a bikin matasa na ƙasa, tare da waƙa da wasan kwaikwayo, ana tankaɗe da rairaya tun daga ƙauyuka zuwa Konni da Illela, daga nan zuwa Tawa, daga Tawa zuwa gaban sauran jihohi. Abin da ake nufi da bale a nan shi ne a ɗauko wani yanki na rayuwa, gayya ko farauta ko ɗaurin aure ko sharo, a tsara shi da kiɗa da rawa yadda zai ba da labari cikin ƙayyadadden lokaci. Ta fuskar ba da labari da jiki, sunan ya dace. Ta fuskar ƙafa kuwa, gabas da yamma ne.

Rawar Adarawa da ƙasa take magana. Ƴan mata a dandali suna gaɗa, manoma a bayan gangar noma, mahauta a gaban kalangu, ƴan kokowa suna kirari kafin a kama, duk tafin ƙafa ne a shimfiɗe, gwiwa a sassauce, ƙugu a ƙasa, ƙura tana tashi. Ko Buzayen Kel Geres na Tajaye, in mata suka zauna ga tende, raƙuma ne suke zagaye su da taku mai bin kiɗa. Babu abin da ya bayyana wannan bambanci kamar akayau, ƙarfen nan da mai rawa yake ɗaurawa a ƙafa: an ƙera shi ne don kowane taku ya yi amo, alhali ita mai bale dukan takalminta take yi don kada a ji saukarta. Har a wajen siffanta aljanu hanyoyin sun raba. Ba don yarda da bori na ambace shi ba, don hukuncinsa a shari'a sananne ne, sai don tarihi, tun da ya daɗe a Adar da Konni har Baturiya Nikol Eshar ta yi shekaru tana nazarinsa: a can Faris an ɗaga yarinya sama don a ce aljana ce, a nan kuwa alamar iska ta hau mutum ita ce jifa, ya yi tsalle ya faɗo zaune daɓas a ƙasa.

Duk da haka akwai masu rawar ɗage a jihar Tawa, kuma manomin Tajaye ya san su, don yana ganin su da jajayen shanunsu masu dogayen ƙahoni in an saki gonaki bayan girbi. Su ne Fulanin da muke kira Bororo, su kuma suke kiran kansu Woɗaaɓe. Da damina sukan yi arewa, wajen Abalak da Cintabaradan har Ingal, kuma a ƙarshenta, wajen watan Satumba, sa'ad da ciyawa ta wadata dabbobi suka ƙoshi, zuriyoyi sukan haɗu a yi kwanaki ana biki. Cikin raye-rayensu akwai ruume, wadda ake yi a da'ira, akwai geerewol wadda bikin ya shahara da sunanta, akwai kuma yaake, wadda ita ce ta shafi zancenmu. Samari sukan shafe sa'o'i suna kwalliya, a shafa wa fuska hoda rawaya, a ja layi daga goshi zuwa haɓa don hanci ya ƙara tsawo a ido, a baƙanta leɓe da gefen ido don farin haƙori da farin ido su fito, a kafa gashin jimina a rawani. Sa'an nan su jeru kafaɗa da kafaɗa, babu ganga babu kalangu sai muryoyinsu da ke hawa bisa juna, suna matsowa gaba sannu a hankali, suna ɗagawa bisa yatsu suna sauka, suna ɗagawa suna sauka, ido a zare, haƙora a waje, tsofaffin mata suna zuga wanda ya yi kyau suna yi wa wanda ya gaza ba'a.

In aka auna da ma'aunin Faransawa, wannan rabin tsini ne, ba cikakke ba, kuma babu wata alaƙa ta aro tsakanin al'adun biyu. Amma muradin da ya ɗaga diddigen ya cancanci a dube shi. A wurin Woɗaaɓe tsawo rukuni ne na kyau, tare da siririn hanci da farin ido, saboda haka saurayi yana ɗage ne don ya fi na kusa da shi tsawo a idon ƴan matan da za su yi zaɓe, da gashin jimina yana ƙara masa. Taliyoni ta hau tsini don a manta cewa tana da jiki. Shi kuwa ya hau ne don a ga jikin nasa da kyau. A can mace ce take wahala maza suna kallo, a nan namiji ne yake wahala mata suna hukunci. Abin da ya haɗa su shi ne sharaɗin ɓoye gajiya, domin kamar yadda ba a yarda a ga yunƙuri a fuskar mai bale ba, haka ba a yarda saurayi ya nuna ƙishirwa ko ciwon sharaɓa ba, ko da ya yi sa'o'i a rana, kuma wannan yana cikin abin da Fulani suke kira munyal, wato haƙuri da juriya, ɗaya daga ginshiƙan pulaaku. Ni dai a ganina wanda ya yi wannan da ƙafarsa tsirara ko da fade, bisa yashi mai zafi, bai gaza wadda ta yi nata da akwatin manne bisa katako ba.

Inda Turawa suka yi mana nisa shi ne isnadi. Ban daidaita rawa da ilmin addini ba, Allah ya kiyaye, kuma malamai tun daga Imamu Gazali, wanda ya keɓe babi guda na Ihya'u ga sauraren waƙa, sun yi bayanin abin da ya halatta da abin da ya haramta. Amma mutanen ƙasar da ta fitar da Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu, sun fi kowa sanin ƙimar a ce wane ya karɓa daga wane. Masu bale suna da irin wannan silsila: Pabloba ta karɓa daga Enriko Ceketi, shi daga Jobanni Lepri, shi kuma daga Bilasis, kuma tun 1700 wani mai suna Foye ya wallafa hanyar rubuta taku a takarda. Shi ya sa ake iya faɗin rana da wata da shekarar da Taliyoni ta fito. Yaake kuwa, abin da aka rubuta a kanta mafi yawansa baƙi ne suka rubuta, irin su Margarit Dupir da littafinta na 1962 a kan Fulani makiyaya, kuma fari na 1973 da na 1984, da gonaki da suke cin burtali, da rashin tsaro a arewacin Tawa, duk sun taɓa rayuwar da take ɗauke da wannan rawa. Namu makaɗan ma suna da silsila, tun da kiɗa gado ne, ɗa daga uba, uba daga kaka, sai dai a ka take ba a takarda ba. Haka nan waɗanda suka tsara bale na samariya a Illela da Konni da Malbaza sun san daga wane tsoho suka ɗauko kowane taku, da wane kiɗa yake tafiya da shi, da abin da suka sauya don ya dace da dandamali, kuma wanda yake ɗan shekara 20 cikinsu a 1976 yanzu yana wajen saba'in.